Kwalba biyu na man origano, ɗaya na ƙuna ɗaya ba ya yi: an cuce ni ne?

Tambaya: Salamu alaikum dokita. Ina saida mayuka da turare a Aboabo nan Kumasi. Man origano da na saba kawowa in ka ɗiga a hannu sai ya yi zafi, amma wanda aka kawo min wannan karon ƙamshinsa sanyi-sanyi ne, ba ya ƙuna ko kaɗan, har kwastomomi biyu sun dawo da shi wai jabu ne. Hankalina ya tashi wallahi, kuɗi masu yawa na zuba.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, ki kwantar da hankalinki tukuna. Ba lallai jabu ba ne. Shukar nan, Origanum vulgare, suna ɗaya ne amma abin da ke cikin manta ba ɗaya ba ne. Irin na ƙasar Girka da ake ce wa hirtum, sinadarin carvacrol ɗinsa kan haura kashi 70 cikin 100, kuma shi ne mai ƙunar. Wanda ke fitowa a daji a arewacin Turai kuwa mansa kaɗan ne, carvacrol ɗin ma kaɗan, sai wasu sinadaran, sabinene da caryophyllene, su fi yawa. Wani kuma thymol ne ya rinjaya, wani linalool mai ƙamshin fure. Ga kuma tsawon dutsen da ta fito, da lokacin yanka, kafin fure ko bayansa, da yadda aka shanya, duk suna juya lissafin. Ko ɗoɗɗoyarmu da Asante ke ce wa nunum haka take, wata ƙamshin kanumfari take yi wata kuma na thymol. Sannan da yawa daga na Turkiyya Origanum onites ne, na Meziko kuma wata shuka ce daban, Lippia. Ki duba sunan da ke jikin kwalbar, ki nemi dilan ya ba ki takardar gwajin GC-MS, wato gwajin lab da ke nuna sinadaran da ke cikin man, ta wannan zubin, ba ta bara ba. In ya fara kame-kame, toh nan ne za ki yi zargin an sirka da wani mai.

Amma ni abin da ya fi damuna shi ne kwastomomin da suka dawo da shi don ba ya ƙuna. Me suke yi da shi da har suke neman ƙunar? Na sani, don kullum ina gani a kemis. An koya wa mutane cewa zafin nan shi ne alamar magani na aiki. Ba haka ba ne wallahi, fata ce ke ƙonewa. Kwanakin baya wata baiwar Allah ta shigo, da ƙyar take taka ƙafa, wai mai saida magani da lasifika a tasha ya ce ta jiƙa auduga da shi zalla ta yi matsi saboda sanyi. Ta ce da ta kira shi tana kuka sai ya ce ta daure, ciwon ne ke fita. Ciwon ne ke fita! Sanyin yana nan, ga ƙuna ta ƙaru, ga kunya ta hana ta zuwa asibiti har kwana huɗu. Wasu a kunnen yaro suke ɗigawa, wasu a ƙarƙashin harshe, wasu su aje antibayotik ɗin da likita ya rubuta don sun ga bidiyo a TikTok.

Eh, carvacrol na kashe ƙwayoyin cuta a faranti a lab, wannan gaskiya ne, amma farantin lab ba jikin mutum ba ne. Kuma tunda kin gani da idonki kwalba biyu ba ƙarfinsu ɗaya ba, wanda ya ce "ɗigo biyar safe da yamma" na wace kwalbar yake nufi? Bai sani ba, bai kuma damu ya sani ba, kuɗinsa kawai yake so.

Don Allah Hajiya, ke ce suke gani kafin su gan mu. Ki duba ko kayan na da lambar rajistar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana. Duk wadda ta saya ki gaya mata ba a sa shi zalla a fata, sai ɗigo ɗaya a cikin cokalin shayi na man kwakwa ko zaitun, a gwada a hannu tukuna. Ban da ido, ban da kunne, ban da gaba, ban da jarirai da masu ciki. Wadda ta ce miki sanyi ke damunta, ki turo ta a yi mata gwaji.