Amsa ga maman yaron da ba ya cin komai sai farar shinkafa

Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa mai tambaya, sannu da fama, Allah Ya raya mana su.

Ga waɗanda tambayar ta wuce su: ɗanta shekararsa uku da rabi, abincinsa farar shinkafa da mai, biredi, shayi da biskit, shi ke nan. Ko ƙamshin miyar kuka ya ji sai ya hau kakarin amai, in kuwa miya ta taɓa shinkafar, to kwanon duka ya bar shi. Uwar miji ta ce sangarta ce, a bar shi da yunwa ko a yi masa ɗura. Maƙwabta sun ce beli ne, a kira wanzami.

Ni daga wajen Ringim nake, kuma ɗana na uku haka ya taso. Yanzu yana firamare, yana cin tuwo, kuɓewa ce dai har yau ba sa ga maciji.

Masu zaɓen abinci iri biyu ne. Akwai na yau da kullum, wanda yara da yawa ke yi tsakanin shekara biyu zuwa shida. Girma yana rage gudu bayan shekarar farko, cin ma sai ya ragu, ga ƙyamar duk abin da ba su saba ba. Irin wannan in aka yi ta ajiye masa abu ba tare da faɗa ba, sau goma, sau sha biyar, wata rana zai kai baki. Naki ba shi ba ne. Yaron da ke kakarin amai tun abinci bai kai bakinsa ba, jikinsa ne ke ƙi. Ki tuna lokacin laulayi, yadda warin daddawa ko na soya albasa ke tayar miki da zuciya. Da an tsare ki an ce sai kin ci, ai amai za ki yi. Haka yauƙin kuka yake a bakinsa. Shi ya sa yunwa ba ta karya irin waɗannan yaran. Zai wuni bai ci ba, ya kwana, ke ce za ki karaya kafin shi, a banza kuma ya rame.

Ɗura kuwa, don girman Allah kada ki bari. Idan aka danne yaro aka toshe masa hanci aka kwarara kunu yana kuka, kunun na iya bin hanyar numfashi ya sauka a huhu, daga nan sai ciwon haƙarƙari, wani ma a nan take numfashin ke tsayawa. Wanda ya tsira kuma ya koyi cewa abinci abin tsoro ne, ko ludayi ya gani sai gudu. Beli ma ki bar masa abinsa. Kowa da shi aka haife shi, ba shi ke hana ci ba, yanke shi kuma na jawo zubar jini da ciwon da zai sa ya daina haɗiyar ɗan abin da yake ci.

Kafin duk wata dabara, ki kai shi asibitin da kuke zuwa rigakafi a auna masa damtse da ɗan tef ɗin nan mai launi uku. Na yara ne daga wata 6 zuwa 59. Kore lafiya lau. Rawaya, wato tsakanin santimita 11.5 da 12.5, tamowa ta fara shiga. Ja, ƙasa da 11.5, magana ta wuce dabarar gida, sai a sa shi a shirin masu tamowa inda ake ba da abincin gyaɗan nan na leda. Ki roƙi malamar ta duba cikin idonsa da tafin hannunsa, domin yaron da ke rayuwa a kan shinkafa da shayi ƙarancin jini ba ya yi masa wuya, ƙarancin jinin kuma shi kansa yana kashe sha'awar abinci. Ki tambaya ko ya samu maganin tsutsar ciki da bitamin A da ake rabawa a makon lafiyar mata da yara, sau biyu a shekara.

In ya fito kore, sai ki kwantar da hankalinki ki dubi abin da yake ci da kyau. Shinkafa, biredi, biskit: duk farare ne, ba yauƙi, ba gauraye, kuma kullum ɗanɗanonsu ɗaya. Nan ne ƙofarki. Kada ki yi tsalle daga farar shinkafa zuwa tuwo da miyar kuka, ki nemi abin da ke maƙwabtaka da wanda ya yarda da shi.

Nawa ta ƙanzo muka shiga. Wata safiya ina kankare tukunyar tuwon jiya, ya tsuguna yana kallo, ya ɗauki ɓallin ƙanzo ya juya shi, ya sansana, ya ƙwanƙwasa a bakin tukunya, sannan ya gatsa. Na yi kamar ban gani ba, don na san in na yi guɗa zai tofar. Daga nan na riƙa yanka tuwo siri-siri ina gasa masa a tanda har ya yi ƙaras-ƙaras. Da ya saba, na rage gashin, ciki ya zama da ɗan laushi. A haka har ya kai ga tuwo da man gyaɗa da gishiri, ba miya. Abin ya ɗauki watanni, kuma akwai makonnin da ya koma baya, musamman bayan zazzaɓi. Ta wannan hanyar awara ta shigo, soyayya sosai, sai ƙosai, sai dankalin Hausa, sai farin ƙwai. Awara da ƙosai su suka rufa mini asiri, tunda nama tofarwa yake, kuma ba kullum ake da kuɗinsa ba.

Miya kuwa a murfin kwano nake zuba cokali ɗaya in ajiye can gefe. Ba na cewa ya ci. Da farko turewa yake, daga baya ya ƙyale ta a wurin, wata rana ya tsoma yatsa ya goge a riga. Duk wannan ci gaba ne, ko da ba a ga ya haɗiye komai ba. Taushe ya fara karɓa, saboda ba ta da yauƙi.

Hannu yana riga baki sabawa. Ki sa shi tsinke zogale, tsintar wake, miƙo miki tumatur. Sai dai gyaɗa guda-guda ki nisanta ta da shi, tana shaƙe yara masu wannan shekarun.

Na ga wasu masu ba ki amsa suna cewa ki ɓoye garin zogale ko kifi a cikin shinkafar. Ni ban goyi baya ba. Hancin waɗannan yaran ba ya kuskure, ranar da ya gano zai iya barin shinkafar ma, ki rasa tudun dafawa. In yana shan kunu, a nan ne za ki ƙara masa ƙarfi: gero, waken soya da gyaɗa, a soya a niƙa, a tankaɗe da rariya mai laushi don kada ya ji tsaki-tsaki. Ki fara da kaɗan a cikin wanda ya saba.

Shayin nan ki rage shi, kuma kada ya sha tare da abinci, domin ganyen shayi yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe da ke gina jini. Biskit ɗin kanti ma haka, in kaka ko baffa sun ba shi da hantsi, to abincin rana ya tashi. Ki tsara masa ci uku da ɗan taɓa-ka-lashe biyu, tsakani sai ruwa. Ki ba shi kwanonsa shi kaɗai, amma ya zauna kusa da 'yan'uwansa. A tire ɗaya ba za ki san me ya ci ba, kuma manyan za su zuba miya su gauraye. In an yi kamar rabin awa ki ɗauke ba faɗa ba lallashi. A hana yara yi masa tsiya, a daina maganarsa a gabansa.

Maganar Inna, uwar mijinki, kada ki ja da ita, ba za ki ci riba ba, kuma ita ma tsoron ramarsa ne ke sa ta faɗa. Ki bi ta wajen maigida, ko ki roƙe ta ta raka ki awon. Abin da ba za ta ji daga bakin suruka ba za ta ji daga bakin malamar asibiti. Ki ba ta aiki ma: gashin tuwon nan kakanni sun fi mu iyawa.

Sirop ɗin ƙara cin abinci na kemis ki rabu da shi sai in likita ya rubuta. Da yawansu barci suke sa yaro, kuma ba sa cire ƙyamar.

Akwai alamun da in kin gani ba jira: ƙafafu sun kumbura, ki danna da yatsa wurin ya lotsa, yana sarƙewa ko tari duk lokacin haɗiya, yana sauke abincin da yake ci ɗaya bayan ɗaya, ko kuma har yanzu ba ya haɗa kalmomi, ba ya waiwayowa in an kira sunansa, yana toshe kunne in ya ji injin niƙa. Ƙin abinci mai tsanani lalura ce da likitoci suka sani, tun 2013 suka ba ta suna ARFID, kuma ana yawan ganinta ga yara masu otizim, wato lalurar da ke shafar magana da mu'amala da mutane, ko da yake ba duk mai ita ke da shi ba. A nan sai ki nemi a tura ku wajen likitan yara: asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, asibitin tarayya na Birnin Kudu, ko asibitin yara na Hasiya Bayero da asibitin Malam Aminu Kano in Kano ta fi muku kusa.

Ba ki faɗa mana ko yana shan kunu ko nono ba, kuma ko yana magana daidai da sa'anninsa. Ki dawo da amsar waɗannan da launin da tef ya nuna, sai mu san ta inda za a kama.