Hukuncin Laftof Ɗin Da Aka Ce Ruwa Da Ƙura Ba Sa Shigarta, Kuma An Rubuta Ba A Dawo Da Kaya

Tambaya:

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni aikina binciken ruwa ne kafin a haƙa rijiyar burtsatse, yawanci can wajen Gashuwa da Nguru muke yini a daji, kuma laftof biyu ƙura da zafi suka kashe min cikin shekara biyu. Shi ne na tara kuɗi na je wani shago a Kano na ce masa Toughbook, wato laftof ɗin Panasonic mai jure wahala, nake so ta hannu, wadda ruwa da ƙura ba sa shiga kwata-kwata, ya ɗauko wata ya ce ita ce, irin ta sojoji ce ko a ruwa ka jefa ta. Sati biyu ina aiki da ita sai wani abokin aikina ya juya bayanta ya ce ai wannan CF-54 ce, rabin ƙarfi gare ta, CF-31 ya kamata a ba ni. Batirin ma baya kai awa ɗaya. Na koma ya nuna min rasit an rubuta ba a dawo da kaya bayan an biya, har ya ce malaminsu ya ce sharaɗi sharaɗi ne. Dan Allah ina da haƙƙin mayar masa ko na haƙura?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Toh ɗan'uwa, Allah ya mayar da alheri. Sayen kayan hannu halal ne, wannan babu magana a kai.

A cikin tambayarka akwai jimla ɗaya da ka wuce ta da sauri alhali a kanta hukuncin ya rataya: ka ce masa wadda ruwa da ƙura ba sa shiga kake so, ya ce ita ce. Ka ga a nan ka gindaya siffa a cikin ciniki, shi kuma ya amsa. Da shiga ka yi kawai ka nuna ta da yatsa ka ce nawa wannan, ya faɗa ka biya, da ba ka da bakin magana akan ƙirarta, don CF-54 lafiyayyar na'ura ce, kamfanin Panasonic da kansa a matsayin mai matsakaicin ƙarfi ya fitar da ita, ba ta da laifin komai. Amma kai ba ita ka nema ba. Wanda aka sayar wa abu bisa wata siffa da yake da buƙata a cikinta sai aka tarar babu ita, yana da zaɓi, ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa, kuma wannan zaɓin daban yake da na aibi. Rubutun rasit ɗin ko mun ƙaddara ya inganta, iyakarsa ya kare shi daga aibin da ya ɓoyu, ba zai mayar da CF-54 ta zama abin da ya ce maka ba.

Sai maganar batir, nan ne sharaɗin nasa yake shigowa, kuma nan zan ɗan tsaya don abin ya zama ruwan dare a kasuwannin waya da kwamfuta, kowa ya buga hatimi a rasit shikenan yana ganin ya wanke kansa har gaban Allah. Malaman fiƙihu sun san mas'alar tun da daɗewa, ita ce sayarwa bisa kuɓuta daga aibi. Gaskiya ne Hanafiyya sun inganta ta a kowane irin kaya, ko mai kayan ya san aibin ko bai sani ba, hujjarsu ita ce haƙƙin mai saye ne kuma shi ya yafe da bakinsa. Ina zaton nan malamin nasu ya jingina, ko kuma hadisin da ke cewa musulmi suna kan sharuɗɗansu. To amma mutum yana yafe abin da ya san girmansa ne. Ɗayanku ya kwana da na'urar ya caja ta ya ga yadda take zuƙewa, ɗayan kuma minti goma aka ba shi ya danna a shago tana jone da wuta, ta ya za a ce yardarsu ɗaya? Shi kansa hadisin sharuɗɗan a ƙarshensa an togace sharaɗin da ya halatta haram, ɓoye aibi kuwa haram ne da nassi. Sannan ga hukuncin Sayyidina Usman da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa: Abdullahi ɗan Umar ya sayar da bawa dirhami 800 da irin wannan sharaɗin, mai saye ya dawo ya ce akwai cuta da ba a faɗa masa ba, Usman bai ce ai ka yarda da sharaɗi tashi ka ba mu wuri ba, cewa ya yi ɗan Umar ya rantse bai san da cutar ba lokacin cinikin. Ɗan Umar ya ƙi rantsuwa ya karɓi bawansa, daga baya ya warke a hannunsa ya sayar da shi dirhami 1500. Wato sharaɗin baya amfanar wanda ya sani ya yi shiru. Malikiyya ma sun ƙara tsanantawa, a mashhurin mazhaba bayi kaɗai suka yarda da shi a kansu, ban da sauran kaya. Don haka abin da nake gani, in ya san batirin ya mutu ya yi gum, rubutun nan ba ya ɗauke masa komai. In kuma ya ce bai sani ba, rantsuwa tana kansa. Sai dai kai ma ka yi adalci, raunin batir a na'urar da ta shekara kusan goma abu ne da kowa ya sani, ba kowane rauni ake kira aibi ba, masu sana'ar za a tambaya su ce wannan ya wuce na al'ada ko a'a.

Yanzu abin da nake ji maka tsoro. Tun ranar da abokinka ya gaya maka, ka ci gaba da fita daji da ita? In eh ne ka daina yau, domin ci gaba da moron kaya bayan ka san matsalarsa malamai suna ɗaukarsa alamar yarda, sai zaɓin naka ya faɗi. Sati biyun farko ba komai tunda ba ka sani ba. In kuma ta samu wata illa a hannunka, sikirin ya tsage ko murfin wata kafa ya ɓalle, ka faɗa da kanka a cire kuɗinsa. Ka nemi wanda ya ji lokacin da yake cewa ita ce, ko saƙon WhatsApp in kun yi, ku je wajen shugabannin kasuwar kafin a kai ga kotu, sau da yawa a nan ake gamawa. In ya ce zai canza maka da CF-31 ka cika ko ya rage maka wani abu ka riƙe wannan, sulhu ne mai kyau, ya halatta.

Kuma ka yi haƙuri in faɗa maka, kai ma ka yi sakaci. Injiniya guda, lambar na'ura tana rubuce a bayanta ba ka duba ba! Nauyi kaɗai ya isa ya gaya maka, CF-31 ta kusa kilo 4, wannan kuwa wajen kilo 2 ce. Gaba in za ka saya, ko Getac ce ko Dell Latitude Rugged, kalmar "irin ta sojoji" kar ta ruɗe ka. Abin da suke nufi shi ne MIL-STD-810, jerin gwaje-gwaje ne na ma'aikatar tsaron Amurka, kuma kamfani ne ke zaɓar waɗanda zai yi a ciki, shi ya sa har laftof ɗin ofis za ka ga an liƙa mata. Lambar IP, wadda take nuna yadda na'ura ke jure ƙura da ruwa, ita za ka nema. IP65 na nufin ƙura ba ta shiga sam kuma tana jure feshin ruwa, IP53 kuwa kariyar ƙura ce daidai gwargwado da yayyafi. Ko mai 65 ɗin ba a ce a tsoma ta a ruwa ba, don haka maganar ko a ruwa ka jefa ƙarya ce ko da CF-31 ɗin ya ba ka. Ta hannu kuma sai ka bi murafen kafofinta ɗaya bayan ɗaya, in roba ɗaya ta fita to lambar ta tashi aiki. Ka fita da ita rana ka ga ko kana iya karanta sikirin, ka zare caja ka zauna awa guda, sannan ka sa ya rubuta ƙirar da lambar a rasit da hannunsa.

Abu na ƙarshe, irin waɗannan na'urori galibi daga hannun 'yan sanda da kamfanoni na Turai da Amurka suke fitowa bayan sun yi gwanjonsu, wannan ba laifi. Amma in ka ga an kankare lambar jikinta, ko BIOS, wato saitin da ke tayar da na'urar, a kulle mai shago bai san mabuɗin ba kuma ya kasa faɗin inda ya samo ta, ka bar masa abarsa komai arharta. In kuwa ka tarar da takardu ko hotunan mai ita na farko a ciki, ka goge ba tare da ka tsaya leƙawa ba.

Wallahu a'alam.