Tambaya da Amsa: Injin jirgina na ihu a ƙasa, ya mutu a sama

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Kawuna ya zo mini da ƙaramin jirgin sama na wasa daga Ingila, irin wanda ake riƙewa da waya biyu yana kewaya mutum. Injinsa O.S. 25 LA ne, wayar kuma ƙafa 60. Farfelar da ya zo da ita ta karye, sai na ɗaura 10x6, don wani dattijo ya ce da ita kowa ke tashi. Nakan murɗa allurar mai, wato abin da ke daidaita yawan man da ke shiga inji, har inji ya kai ƙarshen ƙararsa sannan a sake shi, amma kafin a je ko'ina sai muryarsa ta dushe, ya ɗauki zafi, ya mutu. Injin ne ya lalace?
Ɗalibi daga Aboabo, Kumasi

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Injinka lafiya lau yake, amma in ka ci gaba da yi masa haka ba zai kai ƙarshen hunturu ba. Ka ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa, ka kuma hana shi mai.

Dattijon nan ba ƙarya ya yi maka ba, maganar wani inji yake yi. 10x6 farfelar Fox .35 ce, injin da Duke Fox ya fitar a Amurka tun ƙarshen shekarun 1940, wanda mutanen da suka riga mu a wannan wasa suka koyi tashi da shi. Fox ɗin ya kai kusan cc 6, kuma an yi shi ne don juyi a hankali. Naka cc 4 ne, shi kuwa sai ya sami sauƙin juyi yake nuna ƙarfinsa.

Lambar farko a jikin farfela tsawonta ce daga baki zuwa baki, da inci. Ta biyu ita ce murɗinta, wato nisan da za ta ci gaba a juyi ɗaya da a ce iska ba ta zamewa. Murɗin nan tamkar giyar mota ne: babbar tifa da ta ɗauko yashi ba ta hawa tudu a giya ta biyar. Kuma ƙarin inci ɗaya a tsawo ya fi ƙarin inci ɗaya a murɗi nauyi ga inji, nesa ba kusa ba. Kai ka haɗa masa duka biyun. Nemi 9x4, ta kamfanin APC in ka samu, ko ta Master Airscrew. In jirgin ya yi sanyin gudu da ita, ka koma 9x5. Ni dai 9x4 nake fara ba kowane yaro mai injin irin naka, don tana riƙe gudun jirgi kusan ɗaya ko yana hawa ko yana gangarowa, abin da mai koyo ya fi bukata ke nan.

Yanzu allura, wadda a nan ne yawancin injina ke hallaka. A Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi inda nake aiki, mun saba da cewa inji mai kyau shi ne wanda ya amsa da ƙarfi a tsaye. Wannan ƙa'idar ba ta aiki a nan. Jirgin waya ba shi da totur, yadda ka saita shi a ƙasa haka zai tafi har mai ya ƙare. Da an sake shi ya fara gudu, nauyin da ke kan farfela sai ya ragu, juyi ya ƙaru, man da yake samu ya gaza masa. Ga shi kuma man da ke shafe fistan a cikin man ƙonawar yake, ba shi da wani tanki na daban. Rage mai rage shafi ne, shi ya sa yake ɗaukar zafin nan.

Ka tayar da shi allura a buɗe, yana hayaƙi yana tari. Ka riƙa shigar da ita kaɗan kaɗan, kana jira bayan kowane murɗi, don ba nan take yake amsawa ba. In ya kai inda ƙara ta daina hawa, sai ka warware baya har ka ji ya ɗan sauko, hayaƙi na fita sosai daga salansa. Sannan mai riƙe maka ya ɗaga hancin jirgin sama. In juyi ya ɗan ƙaru ya tsaya a nan, a sake shi. In ya fara dushewa, ƙara buɗewa. Bayan ya sauka, shafa man da ya fesa a fiffike: mai haske da yawa alama ce mai kyau, baƙi ɗan kaɗan kuwa gargaɗi ne.

Ka sa abokinka ya riƙe agogon wayar hannu ya auna maka zagaye. Da waya ƙafa 60, daƙiƙa 5 ko kusa da haka shi ne daidai, gudun da ya haura kilomita 80 a awa ke nan. In ya yi sauri ko ya yi jinkiri, farfela za ka canza ko tsawon waya. Kada ka nemi gudu daga allura.

Ba ka faɗa mini man da kake zubawa ba, kuma ya dame ni. Man waɗannan injina methanol ne da man shafi kashi 20 zuwa 22 cikin ɗari, rabinsa ko fiye ya zama man zurman, sai nitro, sinadarin da ke ƙara wa inji ƙarfi, kashi 5 zuwa 10 in an samu. Nitro na da wuyar samu a nan, amma methanol 80 da man zurman 20 na tayar da shi, sai dai allura ta fi wuyar saiti. Baƙin man mota ba ya haɗuwa da methanol, kada wani ya ruɗe ka. Kuma methanol na zuƙar ruwa daga iska, ga damshin Kumasi ka sani, don haka toshe galan da zarar ka ɗiba. Da hunturu kuma ka ɗaure ƙyallen safa mai shara-shara a bakin da yake shan iska saboda ƙura. Saitin sanyin safiya ba zai yi maka da azahar ba: iska mai zafi ba ta da kauri, sai ka ɗan shigar da allura.

Farfela mai tsaga ko gutsure, jefar da ita. Sabuwa ma ka gwada ta a kan ƙusa, ka goge ɓangaren da ya rinjaya da sanfefa. In za ka tayar da inji, da sanda mai roba za ka buga ta, ba da yatsa ba. Ina roƙonka don Allah, duba filin da kyau kafin ka shimfiɗa waya. Ƙarfe ce a hannunka, kusantar wayar lantarki kawai na iya kashe mutum, haka ma in hadari ya haɗo.

Tambaya: Kawu, nawa yana tafiya daidai, amma da na kifa shi ciki a sama sai injin ya yi nauyi, gudu ya ragu.
Mai karatu daga Asawase

Amsa: Tankinka ya yi ƙasa, ɗan'uwa. A miƙe inji na jawo mai daga ƙasa da ƙyar, in ka kifa kuma tankin ya koma bisa allura, mai ya kwararo masa fiye da kima. Ɗaga tankin kamar milimita 1 ko 2, ka tashi, ka auna zagaye a miƙe da a kife. Ka yi ta matsar da shi har lokutan biyu su zo ɗaya, sannan ka ɗaure shi sosai da ɗan soso a bayansa don girgiza kada ta sa man ya yi kumfa.