Kartar poka a waya da kuɗin shago: yaushe ake tashi daga tebur?

Wani ɗan'uwa mai sayar da kayan masarufi a Kasuwar Dole ya aiko mana da tambaya. Ya ce bayan isha'i yakan buɗe waya ya shiga kartar poka ta intanet da jika goma, wato sefa dubu goma. Wani dare kuɗin suka kai jika ashirin da biyar, ya ce bari ya cika talatin ya tashi. Kafin kiran assalatu sun tafi duka, har ya ɗora wasu jika talatin daga cinikin ranar. Sau uku ke nan cikin wata guda. Yana so ya san alamar da mutum zai gane cewa lokacin tashi ya yi.

Alhaji, mun gode da ka faɗi abin yadda yake. Kafin lissafi, akwai maganar da ba za mu tsallake ba: wannan caca ce, kuma hukuncinta a fili yake a aya ta 90 da ta 91 cikin Suratul Ma'ida. Abin da muke so gare ka shi ne ka bar ta ɗungurungum. Amma da yake tambayar kuɗi ka yi, za mu amsa maka da lissafin kuɗi, ka gani da idonka inda yake kaiwa.

Alamar da kake nema ba a tebur ake samun ta ba. Mutumin da ya yi awa uku yana kallon karta, kuɗinsa na hawa na sauka, ba shi ne mutumin da ya zauna da farko ba. Tun 1979 wasu masana biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, suka nuna cewa zafin asara ya fi daɗin ribar da ta kai girmanta, kuma wanda ke cikin asara ya fi saurin yarda da kasadar da zai ƙi in yana cikin riba. Shi ya sa hannunka ya kai ga kuɗin shago da ƙarfe biyun dare, abin da ba za ka taɓa yi da azahar ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Masu yin wasan da tsari tun kafin su zauna suke yanke adadi biyu, na kuɗi da na lokaci. Yawanci in sun rasa kuɗin zama biyu ko uku sun tashi, kuma ba sa zama da abin da ya wuce kashi ɗaya cikin ashirin ko talatin na kuɗin da suka ware don wasan kaɗai. Auna wannan da naka. Teburin da ake zama da jika goma yana bukatar ka ware jika 200 zuwa 300, kuɗin da in sun salwanta ba za su taɓa shago ko tukunyar gida ba. Kana da irin waɗannan kuɗin a gefe? In babu, tun zaman farko ka wuce iyaka.

Yanzu ga abin da yawancin masu wasa ba sa lissafawa, wato la'adar mai gidan wasan. A kowane zagayen da aka buɗe kartar tsakiya, wadda duk 'yan wasa ke tarayya a kanta, shafin yana yankar wani abu daga kuɗin da aka tara, galibi wajen kashi 5 cikin 100 har zuwa wani iyaka. Mu ɗauki misali. Ku shida ne a tebur, kowa ya zo da jika goma, jimla jika sittin. A waya ana raba karta wajen sau 60 zuwa 80 a awa, ninki biyu ko fiye na abin da ake yi da hannu. A ce zagaye 40 ne aka yanki la'ada, kowanne an tara sefa 1,500. Sefa 75 sau 40, jika uku ke nan a awa. Daga bayan isha'i zuwa ƙarfe biyu, awa biyar, jika goma sha biyar sun bar teburin, rubu'in duk abin da kuka zo da shi, kuma babu ɗayanku da ya ci su. Kai da ka san dillali, ka yi tunanin buhu ɗaya da ake ta sayarwa tsakanin mutum shida, kowane ciniki dillali na karɓar nasa. Dare na yin nisa, buhun na komawa hannunsa. Don haka daɗewa a tebur kanta asara ce, ko da ba ka yi kuskure ko ɗaya ba.

Sai maganar sa'a. A poka irin ta Texas, wadda ake ba kowa karta biyu a hannu a buɗe biyar a tsakiya, a rabon farko babu kartar hannu da ta fi as biyu (as ita ce karta mafi girma), kuma sau ɗaya cikin 221 suke zuwa. Duk da haka, in ka zuba komai da su a kan wanda ke riƙe da wasu tagwaye ƙanana, kusan sau ɗaya cikin biyar shi zai cinye ka. Kartar ba ta san ka faɗi ɗazu ba. Ba ta bin ka bashi, kai ma ba ka bin ta. Wanda ya ce "yanzu kam juyi na ne" ya riga ya fita daga lissafi.

In kana son alamomin da ake gani ana cikin wasa, ga su, kuma ɗaya ta isa. Ka fara bin zubi da kartar da a farkon dare za ka yar ba tare da tunani ba. Ka koma tebur mai tsada don ka maido da naka a zagaye ɗaya. Ka ƙulla da mutum guda da ya cinye ka, kana bin sa ko da me ka riƙe. Ka buɗe tebur na biyu saboda ɗaya ya yi maka jinkiri. Rezo na yankewa ko cajin waya ya kusa ƙarewa amma ka ƙi tashi, alhali in lokacinka ya cika ba ka amsa ba ana iya zubar maka da karta, abin da ka riga ka zuba ya tafi. Babbarsu ita ce sake tura kuɗi karo na biyu a dare ɗaya. Daga nan ba wasa kake yi ba, bin asara kake, kuma garin neman gira ake rasa ido.

Tashi a kan riba ma yana da tarko. Jika ashirin da biyar da ka gani a fuskar waya ba naka ba ne sai sun shigo hannunka. Shafuka da dama suna jinkirta fitar da kuɗi, suna neman katin shaida, wasu kuma suna barin ka soke fitarwar ka mayar da su tebur. In ka karɓi kyautar da suke ba sabon shiga, akan ɗaura mata sharaɗin sai ka yi wasa na wani adadi kafin ka cire ta. Cewa "bari in cika talatin" da cewa "bari in maido nawa" hanya ɗaya suke bi.

To, Alhaji, a naka al'amarin ba maganar tashi daga zama ɗaya ake yi ba. Kuɗin da ka ɗora ba riba ba ce, uwar kuɗi ce, wani ɓangaren ma na mai ba ka kaya ne. In ribar buhun shinkafa jika ɗaya ce, jika talatin buhu talatin ne da ka sauke, ka biya ɗan dako, ka yi ciniki a kansu. Sau uku kuwa buhu casa'in. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin cututtuka, kuma alamominta uku ne: kasa tsayawa, fifita ta a kan sauran lamuran rayuwa, da ci gaba duk da cutarwar da ake gani. Ka duba wasiƙarka da kanka. Ba muna faɗa don mu kunyata ka ba ne, don ka daina dogara da niyya kaɗai ne.

Share manhajar daga waya ba ya wadatarwa, minti biyu ne ta dawo. Ka fara cire duk abin da ya rage a asusun. Sannan ka shiga saitin asusun ko ka rubuta wa masu shafin, ka nemi su rufe shi rufewar da ba za ka iya buɗewa da kanka ba. Shafuka masu lasisi suna da wannan, ka zaɓi na dindindin, kada ka zaɓi na kwana bakwai. Layin da kake karɓar kuɗin ciniki, Airtel Money ne ko wani, ka raba shi da wayar da kake kwana da ita. Ka sa shi a ƙaramar waya marar intanet, ka kulle ta a shago in ka tashi. Cinikin yini kada ya kwana a aljihunka: ka ƙirga shi kafin magariba, ka rubuta a littafi, ka kai banki ko ka miƙa wa mai ba ka kaya a rage bashi. Ka faɗa wa mutum ɗaya da kake jin nauyinsa, wa ne, amini ne ko limamin unguwa, ya riƙa duba littafin tare da kai duk daren Alhamis bayan an tashi kasuwa. Awowin bayan isha'i kuma ka cika su da zama cikin iyali ko fadar da ba a karta, domin kaɗaici da waya ne ƙofar. In ka yi duk wannan har yanzu barci na gagarar ka, zuciya na ja, ka je ka ga likita ka gaya masa kamar yadda ka gaya mana.

Jika casa'in ɗin nan ka rubuta su a littafi a matsayin asarar da ta riga ta faru, kada ka bar su a ranka a matsayin kuɗin da za a je a karɓo. Ka cike giɓin daga ribar shago, jika biyar duk mako. Mako goma sha takwas ne.