Kafin ka buɗe kwalin mutum-mutumin nan

Ka tambaye ni yadda za ka zauna da yara ku tsayar da abin da za su koya a zangon nan, tunda makarantar da na tura ka ta sayo 'yan mutum-mutumi na aji. Da yadda ake cajin batir ko haɗa waya ka tambaya da ban kula ka ba, wannan ko mai gyaran rediyo a bakin kasuwa ya sani. Amma tambayarka ta taɓo mini wani miki, to zauna ka ji.

Akwai wani mai makarantar kuɗi a nan cikin garin Sakkwato da ya kira ni in koyar da 'yan aji biyar da shida na firamare. Magana ɗaya muka yi a ofishinsa: "Malam, a koya musu mutum-mutumi." Ya ba ni rabin kuɗi kafin alƙalami, ciko sai ƙarshen zango. Kayan aikin duk nawa ne, da gumina na yi odarsu daga Legas: Bee-Bot na ƙanana, wato ɗan mutum-mutumi mai siffar ƙudan zuma da ake danna wa maɓallai ya yi tafiya, da 'yan motoci masu allon Arduino, 'yar na'urar da ake zuba wa umarni, da ke bin baƙin layi. Na yi aiki tsakani da Allah. Yaran da ba su taɓa riƙe tef ɗin awo ba suka koma suna auna daɓen aji, suna gardama kan kusurwa.

Ana gab da bikin yaye ɗalibai ya ce yana son motar ta bi layi a gaban iyaye, a tsakar makaranta, da hantsi. Na ce masa Alhaji, idon motar nan da hasken infrared yake aiki, wanda idon mutum ba ya gani, shi yake harbawa ƙasa ya ga abin da ya dawo, fari ya mayar da shi, baƙi ya shanye. Hasken rana kuwa cike yake da irin wannan haske, balle ranar Sakkwato a watan Afrilu. A bar mu cikin aji ko ƙarƙashin rumfa. Ya ce rumfa ta manyan baƙi ce.

Aka ɗora mota kan layi, ta yi taku kaɗan ta saki hanya ta nufi ƙarƙashin kujeru. Mutane suka fashe da dariya. Sai wata yarinya 'yar aji biyar, ko kallona ba ta yi ba, ta ruga ta yago murfin kwalin alli, ta durƙusa ta kāre gaban motar da shi, tana cewa rana ce ta kashe mata ido. Ta mayar da ita kan layi tana bin ta a tsugune da kwalin, motar ta zagaye tsaf. Wallahi duk aikina na zangon yana cikin abin da yarinyar nan ta yi. Ta ga matsala, ta gano sanadi, ta gwada magani a gaban jama'a. Amma washegari mutumin nan ya dube ni ya ce na kunyata shi, yara ba su koyi komai ba, shi motsi ya biya kuɗi ya gani. Ya hana ni cikona, ya kulle kayana a sito wai sai an sasanta. Lokacin da suka dawo hannuna batiran sun kumbura saboda zafi, ƙura ta cika ko'ina, Bee-Bot ɗaya ma babu shi. Har yau in na bi ta layin makarantar raina ɓaci yake. Ya samu bakin magana ne saboda babu takarda ko ɗaya da ta ce ga abin da yaro zai iya a ƙarshen zango.

To ga yadda nake yi tun daga nan. Ranar farko ka bar su su taɓa abin, su danna, su yi ihunsu, don yaron da bai taɓa ba ba zai ji maganarka ba. Sannan ka kwashe ka rufe, ka tambaye su me suke so ya yi. Za ka ji ya ɗebo ruwa, ya yi shara, ya kai saƙo unguwar Mabera. Kada ka gwale kowa, rubuta duka a allo. Aikinka shi ne ka datse burin ya dawo daidai ƙarfin abin da ke hannunku. Mai son aike Mabera ka ce masa mu fara da aike daga ƙofar aji zuwa allo.

Daga nan ne malanta take. Kowane rukuni ya ɗauki kwali ya rubuta abu uku da bakinsa, da Hausar da yake ji: abin da mutum-mutumin zai yi, abin da ni ɗalibi zan iya, da yadda za a gane na iya. Na tsakiyan nan shi ne naka. Bee-Bot taku ɗaya santimita 15 yake yi, juyi ɗaya digiri 90. In daga ƙofa zuwa allo mita 3 ne, yaro ya faɗa maka taku 20 tun kafin ya danna komai. In ya faɗa ya dace, ya iya awo da rabawa. In bai dace ba ya nuna maka inda lissafin ya karkace, wannan ma ka ba shi maki. Wanda ya yi ta danne-danne har abin ya isa allo bisa sa'a bai cika buri ba, ko da an tafa masa.

Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. Marigayi Seymour Papert, wanda da shi aka samar da Logo, harshen ba kwamfuta umarni na yara, a 1967 a Amurka, ya kasance yana sa yaro ya taka hanyar da ƙafarsa tukuna, ya ji inda ya juya, sannan ya ba na'ura umarni. Ni ma haka nake yi, kuma ranar da babu wuta darasina ba ya tsayawa.

Abin da ke ba ni haushi da ku 'yan yanzu, kun fi son ku kwafo umarni daga intanet ku zuba, abin ya yi rawa, ku ɗauka a waya ku watsa a TikTok. Yaro ya tashi bai san dalilin juyi ɗaya ba. Kuma ka lura da rabon aiki, don in ka yi sake yaro ɗaya mai baki zai riƙe na'urar har zango ya ƙare, a bar 'yan mata da riƙon biro. Mai awo yau shi ne mai dannawa gobe, a rubuta wannan ma cikin kwalin.

Kwalayen nan a manna su a bango, duk ranar Alhamis a duba, yaro da kansa ya sa alama a abin da ya iya bayan ya nuna wa 'yan rukuninsa. Ka kwafe su a takarda guda, ka kai wa mai makaranta ya karanta ya sa hannu, har da wurin da za a yi nuni da lokacinsa. Kwafi ɗaya wurinsa, ɗaya a jakarka. Ka kawo mini in gani ranar Asabar bayan la'asar, ka taho da tef ɗin awona da ka ara.