Wa ke kwanci a ramin maƙwaƙƙwafi?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana ganin maƙwaƙƙwafi biyu suna shiga rami ɗaya a busasshen reshe a gonarku, kana tambaya ko mata da miji ne, kuma wane ne ke kwanci.

Na daɗe ina bin tsuntsayen nan da kallo, kuma galibi mata da miji ne. Idan mai ruwan tokar nan ne na wajenmu, duba kansa: namiji ne mai ja a tsakar ka, macen ba ta da shi. Tare suke sassaƙa ramin. Ba sa kai ko tsinke ciki, a kan ɓarɓashin itacen take zuba ƙwai farare fat. Da rana karɓa-karɓa suke yi, amma dare na maigida ne, shi ke kwana a kan ƙwan. Wajen mako 2 su ƙyanƙyashe, 'ya'yan tsirara, idanu a rufe. Kada dai ka cika leƙa ramin.

Sai dai ba duka ne ke zaman mutum biyu ba. A Kalifoniya ta Amurka akwai wani iri mai zaman gidan gandu, wanda masani Walter Koenig ya yi ta nazari a dajin Hastings tun shekarun 1970. Sukan kai 15 a gida ɗaya. Suna huda itace su cusa 'ya'yan wata bishiya da ake kira oak ɗaya-ɗaya, rumbu guda kan kai huji 50,000, kowa na gadinsa. Mazan gidan 'yan'uwan juna ne, matan ma haka, har uku kan zuba ƙwai a rami ɗaya. To a nan kishi ke fitowa fili. Wadda ba ta fara yin ƙwai ba sai ta ɗauko na 'yar'uwarta ta fitar, 'yan gida su taru su shanye. Ba ta dainawa sai ita ma ta fara nata. Ni dai ban ga laifinta sosai ba, don da ta yi shiru da 'ya'yan wata kawai za ta rena.

Manyan 'ya'ya kuwa sukan yi shekaru suna taya ciyar da ƙannensu, ba sa barbara da iyayensu. Idan matan gidan suka mutu, 'yan matan wasu gidaje ne ke zuwa ƙungiya-ƙungiya, a yi kwanaki ana dambe, waɗanda suka yi nasara su tare.