Tsoron matsattsen wuri: likita ya amsa tambayoyinku

Tambaya: Likita, an tura ni hoton MRI, wato hoton cikin jiki da ake shigar da mutum cikin na'ura mai kama da rami, saboda ciwon baya. Ana zura ni cikin na'urar sai numfashina ya sarƙe, gabana ya riƙa dukan uku-uku, yatsuna suka yi sanyi. Ihu na yi aka fito da ni. Ciwon zuciya ne ya kama ni? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Sannu Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Abin da kika bayyana ya fi kama da firgici. Ƙwaƙwalwa ce ta ɗauka kina cikin haɗari, sai jiki ya saki sinadarin adrenalin, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya koma sama-sama. Wannan haki yana rage iskar kabon dayoksaid a jini, shi ke kawo jiri da mutuwar yatsu da leɓe. Iska ba ta ƙare miki ba, domin na'urar a buɗe take gaba da baya. Firgicin kan kai ƙololuwa cikin minti 10, yawanci kuma ya lafa kafin minti 30.

Kada ki fasa hoton. Ki gaya wa ma'aikatan tun kafin ranar. Hoton ƙasan baya sau da yawa ana iya shigar da ƙafafu da farko, za su ba ki abin matsawa idan kina son a tsaya, likitanki kuma zai iya rubuta maganin kwantar da hankali na wannan rana kaɗai. Ki rufe ido tun kafin gadon ya motsa, ki ja numfashi kina ƙirga 4, ki sake shi a hankali kina ƙirga 6. Amma idan bugun zuciyar yana zuwa ko kina zaune lafiya, ko da ciwon ƙirji ko suma, a auna zuciyar, a duba jini da maƙoƙo.

Tambaya: Zan je aikin Hajji bana, amma ina tsoron a rufe ƙofar jirgi ina ciki. Abokina ya ce in sayi ƙwayar kwantar da hankali ta diazepam a kemis. Daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi.

Amsa: Alhaji, kada ka saya. Yana sa maye da barci, jiki na saurin sabawa da shi, tsoron kuma yana nan inda ka bar shi. Ka ga likita tun yanzu. Ka nemi kujerar bakin hanya, ka bar goro da kofi ranar tafiya. A Makka, ɗawafi a bene ya fi nisa amma ya fi sarari.

Tambaya: Ƙanwata ba ta kulle banɗaki, ba ta shiga lif, a mota sai kusa da taga. A gida an ce iska ce. Daga wata malamar makaranta a Kano.

Amsa: Malama, wannan ciwo ne da muka sani, kuma yana jin magani. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Abin da ya fi damuna shi ne gudun da take yi: duk lokacin da ta kauce ta ji sanyi a ranta, ƙwaƙwalwarta na ƙara yarda cewa wurin haɗari ne. Maganin shi ne sabawa kaɗan-kaɗan. Ta tura ƙofar ba sakata kina tsaye a waje, ta zauna har bugun zuciyar ya sauka da kansa. In wannan ya zama ba komai, ta sa sakata, daga baya ku hau lif bene ɗaya tare. Kada kowa ya kulle ta da ƙarfi wai don ta saba, hakan ƙara mata ciwo zai yi. Ku je sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ku nemi masanin halayyar ɗan Adam ya tsara mata matakan.